Malamin Likita Ma Ɗalibi Ne

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa asibitin unguwa da ke Badarawa, a arewacin birnin Kaduna, da safiyar ranar awon ciki, zai tarar da mata jere a kan benci, kowace da katinta a hannu, waɗansu daga Kwaru, waɗansu daga Malali ko Unguwar Dosa. Idan layi ya zo kan mace, sai ungozoma ta naɗa mata abin awon jini a dantse, ta hura masa iska, ta saurara, sa'an nan ta rubuta lambobi biyu a katin. Aikin duka bai wuce minti biyu ba. Amma fa a cikin minti biyun nan ne ake tsamo matar da ke kan hanyar kamuwa da jijjiga, wato ciwon nan da ke sa mai ciki ko mai naƙuda ta riƙa taune-taune tana fizge-fizge, wanda yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa. Idan ciki ya wuce mako 20, awo kuma ya kai 140 bisa 90, wajibi ne a duba fitsarinta, a tambaye ta ko tana ciwon kai ko ganinta yana dishi-dishi, a kuma san lokacin da za a tura ta babban asibiti.

Ita wannan ungozoma ba da sanin nan aka haife ta ba. Akwai wata malama da ta tsaya a kanta shekarun baya, ta kama hannunta ta gyara mata ɗauri, ta sa ta maimaita har abin ya zauna mata. Ke nan lafiyar matar da ke kan benci ta rataya a wuyan mutum biyu, wadda take gani a gabanta da wadda ba ta taɓa gani ba. Wannan maƙala za ta dubi ta biyun ne, ita da sauran malaman da ke koyar da likitoci da ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma. Tambayoyinmu uku ne. Wa ya koya wa malamin koyarwa? Yaushe rabon da ya sabunta saninsa? A cikin wane hali yake shiga aji?

Sanin Abu Daban, Iya Koyar da Shi Daban

Dokta Russel Barau Dikko, wanda aka haifa a Wusasa ta Zariya a 1912, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, kuma sai da ya tafi Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatun. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon likitanci a Zariya. A yau asibitin da ke ɗauke da sunan Barau Dikko a Kaduna shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Cikin ƙasa da shekara ɗari, mun tashi daga likita ɗaya zuwa makarantu masu yaye ɗaruruwa. Kowace makaranta kuwa tana bukatar malamai.

Al'adar da aka gada a ko'ina a duniya ita ce, wanda ya fi gwaninta a ɗakin fiɗa ko a gadon majiyyaci, shi ake miƙa wa alli. An ɗauka cewa wanda ya iya abu zai iya koyar da shi. Malaman sakandare sun fi kowa sanin kuskuren wannan tunani, domin su sai da suka yi shekaru suna nazarin dabarun koyarwa, suka kuma yi gwajin koyarwa a gaban masu duba su, kafin a ba su aji. Gwani yakan yi aikinsa ba tare da ya tsaya yin tunani ba, saboda hannunsa ya saba. Wannan sabon shi ne ke sa ya tsallake matakai uku ko huɗu idan ya zo bayani, ya bar ɗalibi a baya yana mamaki.

A shekarun 1950 wani likita mai suna George Miller, a Jami'ar Buffalo ta Amurka, ya fara haɗa malaman likitanci da masana ilimin koyarwa a zaure ɗaya don su yi nazarin yadda ɗalibi ke koyo. A 1990 ya fitar da wani tsari mai hawa huɗu, kamar dalar gyaɗa, wanda har yau ake amfani da shi. A hawa na ƙasa ɗalibi ya san abu. A na biyu ya san yadda ake amfani da sanin. A na uku ya nuna da hannunsa a gaban malami. A na huɗu kuwa yana aikata shi a bakin aiki, ko da babu mai kallonsa. Jarrabawar takarda ba ta wuce hawa biyu na ƙasa. Yarinya za ta iya rubuta shafi uku a kan hawan jini ta ci maki mai kyau, alhali ba ta iya jin bugun jijiya a cikin abin saurare ba.

Don a hau hawa na uku ne Ronald Harden da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee ta Sikotilan suka fito da wata irin jarrabawa a 1975. Ana shirya tashoshi da dama, ɗalibi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi 'yan mintoci a kowace. A wannan tasha ya auna jini, a waccan ya yi wa uwa bayanin ruwan gishiri da sukari, a ta gaba ya farfaɗo da jaririn roba, mai jarrabawa kuma yana riƙe da jerin matakan da ake so ya gani. A yau ana amfani da irin wannan jarrabawa wajen tantance ungozomomi da ma'aikatan jinya a Nijeriya. Sai dai shirya tasha guda mai kyau da ba da maki bisa adalci fasaha ce da malamin kansa sai an koya masa.

A nan Kaduna akwai wurin da aka tanada domin haka. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali a 1956, tana gudanar da kwas na horar da malaman makarantun jinya da ungozoma, da kuma na malaman kiwon lafiya a matakin farko. Ƙwararren ma'aikaci ne ke ajiye aikinsa ya koma benci, ya koyi tsara darasi da tsara jarrabawa da halayyar mai koyo. Alal misali, akwai wata dabara mai mataki huɗu ta koyar da aikin hannu. Da farko malami ya yi aikin shiru, da saurin da ake yinsa a asibiti. Na biyu ya sake yi a hankali yana bayani. Na uku ɗalibi ya riƙa faɗar matakan, malami yana aikatawa. Na huɗu ɗalibi ya yi da kansa yana faɗa. Malamin kimiyya na sakandare ma zai iya gwada wannan a ɗakin gwaje-gwaje ranar da zai koyar da amfani da madubin ƙara girman abu.

In Kiɗa Ya Sauya

Ko da malami ya iya koyarwa, abin da yake koyarwar ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya gama makaranta a 1995 ya fito ne da sanin cewa kulorokwin shi ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar ta daina jin maganin, har a 2005 Nijeriya ta sauya zuwa haɗin magunguna mai ɗauke da sinadarin atimisinin. Haka kuma an daɗe ana koyar da cewa damuwa da yaji su ne tushen gyambon ciki, sai a farkon shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna cewa wata ƙwayar bakteriya ce ke haddasa mafi yawansa, aka kuma ba su lambar Nobel a 2005. Malamin da bai sake buɗe littafi ba, zai ci gaba da karanta wa ɗalibai tsohuwar takardarsa, su kuma su kai ta asibiti.

Misalin da ya fi kusa da matar nan ta Badarawa shi ne na maganin jijjiga. A 1995 wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa allurar maganisiyam salfet ta fi dayazifam, wanda aka saba bayarwa, hana jijjiga dawowa. A 2002 wani binciken ya nuna cewa tana rage haɗarin faruwar jijjigar da fiye da rabi ga matan da suka nuna alamunta. Maganin ba shi da tsada. Duk da haka shekaru suka yi ta wucewa ana amfani da tsohon magani a asibitoci da yawa na Arewa, wani lokaci don rashin sabon, wani lokaci kuma don ma'aikata suna tsoron maganin da ba a koya musu auna shi ba. A 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma na Jihar Kano. Hanyar da aka bi ita ce, aka fara horar da ƙaramin rukuni na likitoci da ungozomomi, su kuma suka koma asibitocinsu suka horar da abokan aikinsu, aka kuma ba kowa takardar ƙa'ida mai sauƙi. Rahoton da aka buga daga baya ya nuna cewa yawan matan da ke mutuwa cikin masu wannan ciwo ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2. Shekara 13 ke nan tsakanin gano gaskiyar da isowarta gadon majiyyaciya, abin da ya cike giɓin kuwa shi ne koyar da masu koyarwa.

Akwai kuma matsalar mantuwa. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yakan zube da sauri a kwanakin farko, kuma maimaici da aka rarraba a lokuta dabam-dabam ya fi wanda aka yi a zama ɗaya kama ƙwaƙwalwa. An ga irin wannan ga ma'aikatan da aka koya wa farfaɗo da jaririn da aka haifa ba ya numfashi, inda iyawarsu ke raguwa cikin 'yan watanni idan ba su maimaita ba. Saboda haka gwaji na ɗan lokaci da ake yi a kai a kai a cikin asibiti ya fi taron bita na mako guda da ake yi sau ɗaya a otal. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a Nijeriya da wadda ke kula da aikin jinya da ungozoma, dukansu sun wajabta wa ma'aikaci ya nuna shaidar ƙaro ilimi kafin a sabunta masa lasisi. Gemu ba ya hana ilimi, a wannan fage ma doka ce ta tilasta shi.

Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

Tambaya ta uku ita ce wadda ba a cika yi ba. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, wanda ke aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York, ya lura da cewa abokan aikinsa da suka fi kowa himma, bayan kamar shekara guda sai su dushe, su zama masu saurin fushi, ga ciwon kai da rashin barci. Ya kira wannan hali da kalmar da ake faɗa wa wutar da ta cinye itacenta ta mutu. A nan za mu kira shi gajiyar rai. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka tsara ma'aunin tambayoyi na gane shi, suka kuma nuna cewa fuska uku gare shi. Ta farko ƙarewar kuzari, mutum ya wayi gari a gajiye tun bai fita ba. Ta biyu bushewar zuciya, ya daina ganin ɗalibi ko majiyyaci a matsayin mutum, ya koma ganinsa a matsayin lamba ko damuwa. Ta uku ya riƙa jin aikinsa ba shi da wani amfani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a kundinta na rarrabe cututtuka a matsayin lamarin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, ba ta kuma lissafa shi a cikin cututtuka ba.

Jiki yana da nasa bayanin. Idan mutum ya fuskanci barazana, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga waɗansu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, barci ya gudu. Wannan tanadi ne mai amfani ga wanda maciji ya ɓullo masa a gona, domin bayan minti kaɗan komai zai koma daidai. Hans Selye, wanda ya fara wallafa bincikensa a kan haka a 1936 a Kanada, ya nuna cewa idan matsin ya ƙi ƙarewa, jiki yakan bi matakai uku: firgita, jurewa, sa'an nan karaya. Babu wani gwajin jini da ke tabbatar da gajiyar rai, amma an san cewa matsi mai tsawo da ƙarancin barci suna rage natsuwa da riƙe abu a ka. Waɗannan biyun kuwa su ne jarin malami.

Malamin makarantar lafiya kaya uku yake ɗauke da su. Yana duba marasa lafiya, har da kwanan asibiti. Yana koyarwa a aji da gefen gado, yana duba takardun jarrabawa. Idan na jami'a ne kuma, ba zai sami ƙarin girma ba sai ya yi bincike ya wallafa. Cikin ukun nan koyarwa ce ba ta da mai kuka nan take, domin majiyyaci zai yi ƙara, hukumar jami'a za ta ƙirga takardu, ɗalibi kuwa shiru zai yi. Don haka ita ce ke fara lalacewa. Malamin da ransa ya gaji zai daina sa ɗalibi ya maimaita, zai sa hannu a littafin shaidar aiki ba tare da ya gani da idonsa ba, zai amsa tambaya da tsawa. Ɗalibin da aka yi wa tsawa yakan daina tambaya, kuma sau da yawa yakan ɗauki tsawar ya kai ta ɗakin haihuwa, inda za ta sa wata mata ta ce ita da asibiti har abada.

Ɗalibai Na Ƙaruwa, Malamai Na Tafiya

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya a jerin ƙasashe 55 da ke fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ficewa zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya, cikinsu har da ƙwararrun da ya kamata su koyar da na baya. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta musamman a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, ta kuma sanar da ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ƙara gurabe abu ne mai kyau, musamman ga ɗaliban sakandare da ke karanta wannan mujalla. Amma lissafin a fili yake: idan ɗalibai sun ninka, malamai ba su ninka ba, to rabon kowane ɗalibi daga lokacin malami ya ragu da rabi, nauyin malamin kuma ya ninka. Za a iya faɗaɗa zauren lacca, amma gefen gadon majiyyaci ba ya ɗaukar mutum hamsin.

An yi ƙoƙari a baya, kuma akwai darasi a cikinsa. Daga 2010 zuwa 2015 wani shiri da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya haɗa jami'o'in Nijeriya shida, wato Ibadan da Legas da Nsukka da Jos da Maiduguri da Ahmadu Bello, don gyara manhaja da horar da malaman likitanci. Daga 2012 kuma wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa ya yi aiki a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe don ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ya tarar shi ne, makarantun ungozoma ba za su iya ƙara ɗalibai ba saboda ƙarancin ƙwararrun malamai, tunda hukuma ba ta amincewa da makaranta sai malamanta sun dace da yawan ɗalibanta. Dukan shirye-shiryen biyu sun ƙare da ƙarewar wa'adinsu. Abin da zai ɗore shi ne wanda makaranta ta sa a cikin kasafinta da jadawalinta.

Abin da Ya Kamata a Yi

Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun lissafa abubuwa shida da ke haifar da gajiyar rai a wurin aiki: yawan aiki, rashin ikon faɗa a ji, rashin sakayya, rashin zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da saɓanin abin da mutum ya yi imani da shi da abin da ake sa shi yi. Mai karatu zai lura cewa shidan nan duk a hannun shugabanni suke. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a kan likitoci, ya nuna cewa gyaran tsarin aiki ya fi tasiri a kan koya wa mutum dabarun kwantar da hankali shi kaɗai. Cewa malami ya yi haƙuri ba zai rage masa takardu ɗari uku da ke kan teburinsa ba.

Saboda haka, na farko, a ware wa malami lokacin shirya darasi da na karatu a cikin jadawali, kada a ɗora masa kwanan asibiti a daren da zai wayi gari a aji. Na biyu, a riƙa ƙirga ingancin koyarwa wajen ƙarin girma kamar yadda ake ƙirga takardun bincike. Na uku, a haɗa sabon malami da tsohon hannu wanda zai zauna a ajinsa ya ba shi shawara a keɓe. Wanzami ba ya son jarfa, malamai da yawa ba sa son a zauna musu a aji, amma wanda ke auna ɗalibai kullum bai kamata ya ƙi awo ba. Na huɗu, a tabbata malami yana tafiya hutunsa na shekara. Shi kuma malamin, idan gajiyar ta kai ga baƙin ciki mai ɗorewa ko yanke ƙauna, to ta wuce batun jadawali, sai ya ga likita. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, a tsallaken kogin Kaduna, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne ga kowa.

Kammalawa

Ga ɗalibin da ke burin zama likita ko ungozoma, ya sani tun yanzu cewa ya zaɓi sana'ar da ba a gama karatunta. Ya saba da tambayar dalilin abu, ya kuma saba da bita a kai a kai maimakon haddar daren jarrabawa. Idan Allah ya kai shi ga ƙwarewa, ya tuna cewa koyarwa ma hanya ce ta ceton rai, domin ungozoma ɗaya za ta karɓi haihuwar da hannunta ya kai gare ta ne kawai, malamar da ta yaye ungozomomi arba'in a shekara kuwa hannunta yana ɗakunan haihuwa arba'in. Ga hukumomi da iyaye kuma, duk lokacin da aka yi murnar buɗe sabuwar makarantar lafiya, ya dace a tambayi malamai nawa gare ta, wa ya horar da su, kuma awa nawa suke aiki a mako. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta bayyana bayan shekara biyar a katin matar da ke jiran awo a Badarawa.